Ko Ruwa Suka Shiga Sai a Ce Sun Ta da Ƙura: Ƙyamar 'Yan Roma a Turai

A tsakiyar watan Oktoban 2013 'yan sandan ƙasar Girka suka kai samame wani matsugunin 'yan ƙabilar Roma kusa da garin Farsala. Neman makamai da miyagun ƙwayoyi ya kai su, amma abin da suka fito da shi daban: wata 'yar yarinya fara tas, gashinta kamar zaren zinare, a hannun wani magidanci da matarsa masu duhun fata. Gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ba su suka haife ta ba. Kafin ka ce kwabo hotonta ya karaɗe duniya, jaridu suka raɗa mata "mala'ika mai gashin zinare", dubban mutane suka yi ta bugo waya daga ƙasashe daban-daban, cikinsu har da iyayen da 'ya'yansu suka ɓata shekara da shekaru. Babu wanda ya tsaya jiran bincike, don kowa ya san labarin tun yana goye: 'yan Roma ɓarayin yara ne.

Ba a rufa mako biyu ba aka gano uwar yarinyar a Bulgeriya. Ita ma 'yar Roma ce, matalauciya mai 'ya'ya rututu, wasunsu farare kamar wannan. Ta ce a Girka ta haife ta lokacin da ta je neman aiki, ta bar ta a hannun mutanen saboda ba ta da halin riƙonta. Daga baya kotu ta wanke magidancin nan da matarsa daga zargin satar yarinya. Sai dai kafin nan zazzaɓin ya riga ya tsallaka teku. A cikin kwanakin, 'yan sandan Ailan suka ɗauke wata yarinya 'yar shekara bakwai a Dublin da wani yaro ɗan shekara biyu a Athlone daga hannun iyayensu 'yan Roma, ba don komai ba sai don hasken fata da gashi. Gwaji ya tabbatar 'ya'yan cikinsu ne. A 2014 rahoton bincike ya ce ƙabilar iyayen aka duba, firaminista Enda Kenny ya nemi afuwa a madadin gwamnati.

Na fara da wannan ne saboda ya nuna yadda abin yake aiki. Zargin yana nan a ajiye tun kafin a sami laifi, ana jiran wanda za a rataya wa. Abin da kuma ya fi ba ni mamaki a tarihin mutanen nan shi ne, kusan duk halin da ake zarginsu da shi, in ka bi sawunsa, za ka tarar hukuma ce ta fara tura su cikinsa da doka, sannan ta dawo tana nuna su da yatsa.

Su wane ne ma tukuna? Masu kallon ƙwallo su yi haƙuri, babu abin da ya haɗa su da ƙungiyar AS Roma ko birnin Rum. Sunan bai fito daga ƙasar Romaniya ba, ko da yake suna da yawa a can. A harshensu "rom" na nufin namiji ko miji. Asalinsu arewa maso yammacin Indiya ne, kakanninsu sun baro can kimanin shekara dubu da suka wuce ko fiye, suka ratso Farisa da Armeniya da daular Rumawan gabas kafin su bazu cikin Turai. Harshen ne ya tona wannan asali. Wanda ya saba jin Indiyanci a finafinai zai gane wasu kalmominsu nan take: ruwa "pani", kunne "kan", gashi "bal", ƙidaya kuma "yek, dui, trin, shtar, panj". Yau ana ƙiyasta yawansu a Turai tsakanin miliyan 10 zuwa 12, kusan miliyan 6 a cikin Tarayyar Turai, wato su ne ƙabila marar rinjaye mafi girma a nahiyar, kuma ba su da ƙasar da za su ce tasu ce su kaɗai.

Ba al'umma ɗaya dunƙulalliya ba ce. Akwai Sinti a Jamus, Kale a Sifaniya, Manush a Faransa. A gabas sunayen zuriya da yawa na sana'a ne: Kaldarash maƙeran tukwanen tagulla, Lobari dillalan dawakai, Ursari masu wasa da namun daji a kasuwa irin na gardawan kura. Wasu Katolika ne, wasu 'yan cocin Otodoks, wasu 'yan Fentikostal, sannan a Turkiyya da Bulgeriya da Kosobo da Albaniya da Masedoniya ta Arewa akwai Musulmi masu ɗimbin yawa. Da yawa ma ba sa jin harshen Roma. Duk da haka kuɗin goro ake yi musu da suna ɗaya. Turawan Ingila sun ce "Jipsi", mutanen Sifaniya "Hitano", duka daga zaton cewa daga Masar suka fito. Jamusawa sun ce "Zigoina", ƙasashen gabas "Tsigan". A harsuna da dama waɗannan sunaye sun rikiɗe sun zama zagi, ma'anarsu maƙaryaci ko macuci. Shi ya sa a babban taronsu na farko da aka yi kusa da Landan a watan Afrilun 1971 wakilansu suka zaɓi a riƙa kiransu Roma, suka kuma tsayar da tuta mai shuɗi a sama, kore a ƙasa, da jar ƙafar keken doki a tsakiya.

Ɗauki zargin yawo, wanda shi ne uban sauran. Ana cewa jininsu ne ba ya zama wuri ɗaya. To ga abin da dokokin suka ce. A 1498 majalisar daular Jamusawa da ta zauna a Freiburg ta ayyana su 'yan leƙen asirin Turkawa, ta halatta jininsu. A 1499 sarakunan Sifaniya suka ba su wa'adi, ko su sami ubangida ko su fice. Ingila ta kore su da doka a 1530, a 1554 ta ƙara da hukuncin kisa ga wanda ya ƙi tafiya. A wasu yankunan Jamus da Holan har alluna ake kafawa a bakin iyaka, da zanen mutum a rataye ko ana yi masa bulala, don wanda bai iya karatu ba ya gane saƙon. Ƙungiyoyin masu sana'a na birane suka hana su buɗe maƙera, mallakar fili kuwa sai dai su gani a hannun wasu. Mutumin da duk garin da ya kwana uku za a kore shi, ina zai kafa gida? Ƙarni bayan ƙarni ana korarsu, sannan aka juyo aka ce yawo ɗabi'arsu ce. Gaskiyar lamarin, mafi rinjayen 'yan Roma zaunannu ne tun da daɗewa, kuma a yau masu rayuwar tafiye-tafiye 'yan kaɗan ne a cikinsu.

Inda ba a kore su ba kuwa ɗaure su aka yi. A Walakiya da Moldabiya, yankunan da suka haɗu suka zama Romaniya, bayi ne su na tsawon shekara kusan 500. Takarda mafi tsufa da ta ambace su a can ta 1385 ce, inda sarki ya tabbatar wa wani gidan ibada kyautar iyalai 40 na 'yan Roma. Sarki yana da nasa bayin, gidajen ibada na da nasu, masu gonaki na da nasu, ana sayarwa, ana ba da su gado, ana raba uwa da ɗa. Sai a 1855 da 1856 aka soke bautar. Doka ta tanadi diyya ga iyayengijin, su kuma waɗanda aka 'yanta, fiye da mutum 200,000, aka sallame su hannu rabbana, rabon filayen da aka yi wa manoma a 1864 ma ya tsallake akasarinsu. Duk wanda ya san yadda tabon bauta yake bin zuriya a kowace al'umma ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Zancen satar yara kuwa, in za a yi adalci, juyawa ya kamata a yi. A daular Ostiriya, sarauniya Mariya Teresa ta ba da umarni a 1773 a riƙa ƙwace 'ya'yan Roma da suka haura shekara biyar a ba manoman da ba 'yan ƙabilar ba su rene su. Ɗanta Yusufu na Biyu ya ɗora da haramta harshensu da tufafinsu. A Sifaniya, a ƙarshen Yulin 1749, aka yi kamen dare ɗaya a faɗin ƙasar, aka tattara mutum wajen 9,000, aka raba maza da mata da niyyar yanke zuriyar, mazan aka tura su aikin dole a ma'aikatun jiragen ruwa. Satar yaran da ke rubuce a kundin tarihi, da sa hannu da hatimi, hukuma ce ta yi ta.

Lokacin da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 sun tarar an share musu hanya. Tun 1899 'yan sandan Munich ke da ofishi na musamman da ke tattara sunaye da hotuna da tarihin zuriyar 'yan Sinti da Roma. Waɗannan takardu aka kwashe zuwa Berlin, wani likita mai suna Robert Ritter ya ɗora da auna kawuna da zana bishiyar dangi. A Disambar 1942 Himmler, shugaban 'yan sandan Nazi, ya ba da umarnin kai su sansanin kisa na Auschwitz, inda aka tara kimanin 23,000. A daren 2 ga Agustan 1944 aka kashe dubban da suka rage a sansanin a ɗakunan iskar guba. A Kuroshiya an hallaka su a sansanin Jasenovac, gwamnatin Antonescu ta Romaniya ta kwashe kimanin 25,000 zuwa Transnistriya inda yunwa da cuta suka ci kusan rabinsu. Masana tarihi suna sa adadin waɗanda aka kashe a faɗin Turai tsakanin 250,000 zuwa 500,000.

Abin da ya biyo bayan yaƙin shi ya fi bayyana zurfin cutar. A Janairun 1956 babbar kotun tarayya ta Jamus ta Yamma ta yanke cewa matakan da aka ɗauka a kansu kafin 1943 ba na wariyar jinsi ba ne, matakan hana aikata laifi ne, domin a cewar alƙalan mutane ne masu karkata ga sata da zamba. Da wannan hukunci aka hana dubbai diyya. Shekara 11 kacal bayan rufe ɗakunan guba ke nan, alƙalai suna maimaita hujjar waɗanda suka yi kisan. Shi kuwa Ritter aiki ya samu a hukumar lafiya ta birnin Frankfurt, aka rufe binciken da aka fara a kansa. Sai a 1982 shugaban gwamnati Helmut Schmidt ya amince a hukumance cewa kisan ƙare dangi aka yi musu. Dandalin tunawa da su a Berlin bai samu ba sai 2012. A ƙasar Cek kuwa, a filin sansanin Lety inda mutum fiye da 300 suka mutu, akasarinsu yara, gidan kiwon aladu aka gina a shekarun 1970. Aka shafe shekaru ana ja-in-ja kafin gwamnati ta saye shi, aka fara rushe shi a 2022.

Gwamnatocin gurguzu na gabashin Turai sun zo da nasu salon. Sun hana yawo da doka, Tarayyar Sobiyet a 1956, Cekoslobakiya a 1958, har ana cire ƙafafun keken dawakai. Sun ba kowa aiki, amma aikin ƙarfi ne a ma'adinai da masana'antu da gonakin gwamnati, wanda ba ya buƙatar takarda. Da tsarin ya rushe a 1989 masana'antun suka rufe, su aka fara sallama, su ne kuma na ƙarshen ɗauka. Daga nan aka sami sabon laƙabi: cima-zaune, masu jiran tallafin gwamnati. A Cek har kalma ta musamman 'yan siyasa suke da ita, "waɗanda ba sa iya sajewa da jama'a", kowa ya san wa ake nufi ba tare da an kama suna ba. Sai a 2017 shugaban ƙasa Miloš Zeman ya cire kunya ya ce kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan 'yan Roma ne. A wannan ƙasa dai aka yi shekaru ana ɗaure wa matan Roma mahaifa ba da saninsu ba, wasu ana miƙa musu takarda su sa hannu suna tsakiyar naƙuda. Abin bai tsaya da faɗuwar gurguzu ba: dokar diyyar da aka zartar a 2021, ta kuɗin Cek 300,000 ga kowace mace, ta shafi shekarun 1966 zuwa 2012.

Makaranta ce wurin da ake sabunta wannan ƙyama kowace shekara, don haka nan ya kamata a daɗe. A ƙasashe irin su Cek da Sulobakiya da Hungari akwai makarantu na musamman da aka tanada domin yara masu raunin ƙwaƙwalwa. Yaro ɗan shekara shida da ya tashi a gidan da ake magana da harshen Roma, bai taɓa zuwa rainon yara ba, sai a yi masa gwajin basira da harshen da bai gama ƙwarewa a kai ba, da hotunan abubuwan da babu su a gidansu. In ya gaza, a kira uwarsa, wadda ita ma irin makarantar ta yi, a ce ta sa hannu, a can zai fi sakewa, ga 'yan'uwansa duk suna can. Manhajar makarantar a rage take, wanda ya gama ta da wuya ya shiga sakandaren da ke kai mutum jami'a. An yanke wa yaro hukuncin rayuwarsa tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. Bayan shekara goma sha biyar ya je neman aiki a ce ba shi da takarda, mai sharhi a talabijin ya ce ai su ba su damu da ilimi ba.

Wasu yara 18 daga birnin Ostrava sun kai wannan ƙara har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg. Alƙaluman da aka gabatar sun nuna cewa a birnin, yiwuwar a tura ɗan Roma irin wannan makaranta ta ninka ta sauran yara sau 27. A Nuwamban 2007 kotun ta ce wariya ce. Ta sake yanke irin wannan hukunci a kan Kuroshiya a 2010 da Hungari a 2013. Amma sauya wa makaranta suna ya fi sauya ta sauƙi, kuma ko an haɗa yaran, iyayen da ba Roma ba sukan kwashe nasu su kai wata unguwa. Hukumar Tarayyar Turai ta buɗe wa Cek shari'ar saɓa doka a 2014, Sulobakiya a 2015, Hungari a 2016, har ta kai ga gurfanar da Sulobakiya a kotun Tarayyar a 2023.

Haka zancen ƙazanta. A Disambar 2010, cikin tsananin sanyi, hukumomin birnin Cluj na Romaniya suka tashi iyalai fiye da 70 daga tsakiyar gari suka kai su Pata Rât, gefen jujin da birnin ke zubar da shararsa. A Ústí nad Labem na Cek an gina katanga a 1999 don raba su da maƙwabta, an yi irinta a Ostrovany na Sulobakiya da Baia Mare na Romaniya. Binciken Hukumar Kare Haƙƙoƙi ta Tarayyar Turai na 2021 ya gano kashi 80 cikin 100 na 'yan Roman da aka tambaya suna cikin haɗarin talauci, fiye da kashi 20 ba su da ruwan famfo a gida, matansu kuma suna mutuwa shekara 11 kafin sauran mata. A ajiye mutum a kan juji, a hana shi famfo, a turo mai ɗaukar hoto. Da cutar korona ta zo a 2020, sojoji aka girke suka killace wasu unguwanninsu a Sulobakiya, a Bulgeriya aka kafa shingaye a mashigar unguwannin Roma kamar su suka ƙirƙiro cutar.

Ɗan siyasa ba ya barin irin wannan gona ta kwana ba shuka. Binciken cibiyar Pew na 2019 ya nuna kashi 83 cikin 100 na mutanen Italiya ba sa kallon 'yan Roma da idon rahama, a Sulobakiya 76, a Girka 72, a Bulgeriya 68. Ƙyama ce da ba ta da tsada: mai zagin su ba ya rasa ƙuri'a, babu ofishin jakadancin da zai kira shi, babu ƙasar da za ta janye ciniki. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Dubi Faransa a Yulin 2010. Rikici ya tashi a Saint-Aignan bayan jandarma ya harbe wani saurayi daga cikin matafiya 'yan asalin Faransa, wani rikicin daban ya tashi a Grenoble wanda babu ruwan 'yan Roma a cikinsa. Shugaba Nicolas Sarkozy ya je Grenoble ya yi jawabi, ya ɗora batun tsaro a kan matsugunan 'yan Roma baƙi daga Romaniya da Bulgeriya, waɗanda yawansu bai wuce 15,000 zuwa 20,000 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 60. Aka fara rusau, ana ba babba yuro 300, yaro 100, a sa su jirgi. Gwamnati ta rantse ba ƙabila take nufi ba, sai ga wata takardar ma'aikatar cikin gida ta 5 ga Agusta ta fito fili, tana umartar a rushe matsugunai 300, a fara da na Roma. Kwamishinar shari'a ta Tarayyar Turai, Viviane Reding, ta ce ba ta zaci za ta sake ganin haka a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba. Aka yi ta cacar baki, ƙura ta lafa, rusau ya ci gaba. Da 'yan gurguzu masu sassaucin ra'ayi suka karɓi mulki ma ba ta sake zani ba: a 2013 ministan cikin gida Manuel Valls ya ce akasarinsu makomarsu komawa Romaniya da Bulgeriya. A Maris 2019 tsohuwar tatsuniyar ta dawo ta kafafen sada zumunta, wai ana sace yara da farar mota, gungun matasa suka far wa 'yan Roma a Bobigny da Clichy-sous-Bois, alhali 'yan sanda sun ce ko yaro ɗaya ba a sace ba.

A Italiya kalmar "makiyaya masu yawo" ta shiga takardun hukuma, aka gina musu sansanoni a bayan gari, har da waɗanda suka gudo daga yaƙin Yugoslabiya, mutanen da a gidajen bulo suka tashi. A 2008, bayan an zargi wata budurwa 'yar Roma da yunƙurin ɗauke jaririya, jama'a suka cinna wa matsugunan unguwar Ponticelli ta Napoli wuta. Gwamnatin Berlusconi ta ayyana dokar ta-ɓaci, aka shiga ƙirga mazauna sansanoni da ɗaukar zanen yatsu. Babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta soke dokar a 2011. Matteo Salvini kuwa motar rusau ya mayar tambarin kamfen, a 2018 yana ministan cikin gida ya nemi a yi musu ƙidaya ta daban, ya ƙara da cewa waɗanda suke 'yan Italiya, abin takaici, dole a riƙe su. Kimanin rabin 'yan Roman Italiya 'yan ƙasa ne, wasunsu zuriyarsu ta fi shekara 500 a can. A Fotugal, André Ventura da su ya fara suna kafin ya kafa jam'iyyar Chega, kuma har yau za ka ga kwaɗon tangaran a ƙofar wasu shaguna, an ajiye shi ne don an san wasu 'yan Roma suna camfa kwaɗo, ba za su shiga ba.

Wani zai ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ban musa ba. Akwai yara 'yan sane a jiragen ƙasan Paris da Rum, akwai masu tura yara bara, akwai auren wuri a wasu zuriyoyi, akwai masu ba da bashi da ruwa mai kisa a cikin unguwannin, kuma waɗanda suka fi shan wuyar duk wannan 'yan Roma ne, musamman mata, waɗanda ƙungiyoyinsu suka daɗe suna yaƙi da shi. Matsalar tana wurin lissafi. A Oktoban 2006, a ƙauyen Olaszliszka na Hungari, wasu 'yan Roma suka yi wa wani malamin makaranta dukan kisa a gaban 'ya'yansa bayan motarsa ta gogi wata yarinya. Mummunan laifi ne, an kuma hukunta waɗanda suka yi. Amma jam'iyyar Jobbik ta ɗauke shi ta gina kamfen a kan kalmar "laifin Tsigan", ta kafa dakaru masu kaki a 2007 suna fareti a ƙauyukan Roma, a zaɓen 2010 ta sami kusan kashi 17 cikin 100. A tsakanin 2008 da 2009 wasu mutum huɗu suka riƙa bin gidajen ƙarshen ƙauye cikin dare, su jefa wuta, su harbe mai fitowa. Sun kashe 'yan Roma shida, ciki har da wani uba da ɗansa ɗan shekara biyar a Tatárszentgyörgy. An yanke wa uku ɗaurin rai da rai a 2013. Babu wanda ya kira wannan "laifin Hungari". Nan laifin mutum huɗu ne, can na ƙabila guda.

Akwai kuma wata dabara da ke hana hoton sauyawa. Ɗan Roman da ya zama likita ko lauya ko direban bas mai albashi, sau da yawa ɓoye asalinsa yake yi don ya tsira da aikinsa da gidan hayarsa. A ƙidayar Romaniya ta 2011 mutum 621,000 da 'yan kai ne suka ce su Roma ne, alhali ƙiyasin masana ya ninka haka kusan sau uku. Wanda ya yi nasara sai ya ɓace daga lissafi, wanda ke bara a bakin tasha shi ake gani, shi ne kuma "ɗan Roma". Tsoron rubuta suna ba na banza ba ne. A 2013 wata jarida ta bankaɗo cewa 'yan sandan kudancin Suwidin, ƙasar da ake yi wa kallon uwar adalci, suna riƙe da rajistar mutum fiye da 4,000, akasarinsu 'yan Roma, har da ƙananan yara. Gurbi ɗaya da aka yarda su yi fice a cikinsa shi ne kiɗa da rawa. Ana alfahari da filamenko a Sifaniya, ana gayyatar makaɗansu biki a ƙasashen Balkan, a yi musu liƙi har asuba, amma ba a ba su haya, ba a ba su aure.

An yi tsare-tsare a Turai: wasu gwamnatoci sun ware shekaru goma na shigar da Roma cikin al'umma daga 2005 zuwa 2015, Tarayyar Turai ta fito da wani tsarin a 2011, wani kuma daga 2020 zuwa 2030. An kashe kuɗi, an yi taruka. Sai dai magajin gari ne ke yanke shawarar inda bututun ruwa zai bi, kuma ya san masu zaɓensa ba za su yafe masa ba in aka ce ya yi wa Tsigan aiki.

A ƙauyen Gyöngyöspata na Hungari, makarantar firamare ta shafe shekaru tana ajiye yaran Roma a azuzuwa daban a ƙasan bene, ana koya musu abin da bai kai na sauran ba. Kimanin 60 daga cikinsu suka kai ƙara, kotu ta ce a biya su diyyar kuɗin Hungari forint miliyan 99 a haɗe. A Janairun 2020 firaminista Viktor Orbán ya fito ya ce rashin adalci ne a ba 'yan wata ƙabila maƙudan kuɗi ba tare da sun yi aikin komai ba, alhali maƙwabtansu suna wahala kafin su samu. Kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a watan Mayu, aka biya kuɗin. A watan Yuli majalisar dokoki ta gyara dokar ilimi: daga ranar, duk yaron da makaranta ta nuna wa wariya, kotu ba za ta ba shi diyyar kuɗi ba, sai dai ƙarin darasi ko horo.